Majinyata Nawa Ne a Hannunki?

A shekarar 1999 dubban ma'aikatan jinya a jihar Pensilbaniya ta Amurka sun tarar da takardar tambayoyi a akwatunan wasiƙun gidajensu. Cikin tambayoyin akwai wata gajera wadda kowace nas za ta amsa ba tare da dogon tunani ba: a aikin da kika yi na ƙarshe, majinyata nawa ne a hannunki? Ba a aika takardar ta ofishin shugaban asibiti ba, kuma ba a nemi rajistar ma'aikata ba. An tsallake duk wannan, aka je kai tsaye wurin wadda ta kwana a tsaye.

Wadda ta jagoranci aikin ita ce Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pensilbaniya da ke birnin Filadelfiya. Fasahar da nake son mai karatu ya gani a wurinta ita ce iya ɗaukar abin da kowace nas ta sani a jikinta, wato gajiya da gudu da fargabar aikin dare, a mayar da shi lissafin da minista da ɗan majalisa da akawun asibiti ba za su iya kawar da kai daga gare shi ba. Sana'a ce mai zaman kanta, kuma masu iya ta ba su da yawa a duniya, domin tana buƙatar mutum ya san ɗakin majinyata ya kuma san ƙididdiga, abubuwa biyun da ba kasafai suke haɗuwa a kan mutum ɗaya ba.

An haifi Aiken a 1943. Ta yi digirinta na farko a fannin jinya a Jami'ar Fulorida a 1964, ta ƙara na biyu a nan, ta kuma yi aiki da hannunta a gefen gadon marasa lafiya. Daga nan sai ta yi abin da ba a saba gani ba a lokacin: ta tafi Jami'ar Teksas da ke Austin ta yi digirin digirgir a nazarin zamantakewa da ƙidayar jama'a, ta kammala a 1973. Ta shafe shekaru fiye da goma a Gidauniyar Robert Wood Johnson, ɗaya daga cikin manyan masu ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka, har ta kai matsayin mataimakiyar shugaba. A can ta ga yadda ake yanke shawarar inda kuɗi za su tafi, da irin hujjar da masu yanke shawarar suke saurara. A ƙarshen shekarun 1980 ta koma jami'a, ta kafa cibiyar bincike kan sakamakon jinya da manufofin lafiya a 1989.

Mu koma ga waccan tambaya, domin a cikinta gwanintar ta fara bayyana. Idan ka tambayi asibiti yawan nas-nas ɗinsa, zai ba ka adadin da ke kan takardar albashi. A cikin adadin akwai wadda ke hutun haihuwa, da wadda aka mayar ofis, da wadda ta tafi ƙaro ilimi, da shugabar ɗaki wadda aikinta rubutu ne da tsara jadawali. Sai lissafi ya fito da kyau a takarda, alhali a ɗakin tiyata na maza da ƙarfe uku na dare mutum biyu ne ke zagaya gadaje ashirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aiken ta san haka domin ta taɓa zama mai ɗakin, shi ya sa ta gina ma'auninta a kan amsar nas-nas da kansu, ta tattara amsoshin kowane asibiti ta fitar da matsakaici. Aika takardar gida ma dabara ce: wadda ke amsawa a falonta ba ta tsoron shugabarta ta leƙa, kuma asibitin da ya san yana da matsala ba shi da damar ƙin shiga binciken.

Abu na biyu shi ne sanin abin da ya kamata a ƙirga. Mutane da yawa suna ɗaukar aikin nas a matsayin ba da magani, yin allura da sauya ƙarin ruwa. Waɗannan suna ciki, amma babban aikin shi ne sa ido. Ɗauki mutumin da aka yi wa tiyatar hanji da rana, ya farfaɗo lafiya, har ya yi magana da iyalinsa da magariba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare bugun zuciyarsa ya ɗan ƙaru. Jikinsa bai yi zafi sosai ba. Jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado, wadda ya kamata ta ɗan cika, tana nan kusan yadda aka bar ta. An tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, amma amsar ta zo a makare, kuma idonsa bai tsaya wuri ɗaya ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai sa ƙararrawa ta yi ƙara. Nas ɗin da ke da majinyata huɗu za ta dawo kansa bayan rabin awa, ta sake auna jini, ta ga ya sauka kaɗan, ta haɗa wannan da wancan, ta tashi likita tun jini bai gama zuba a ciki ba ko ƙwayoyin cuta ba su gama shiga jini ba. Wadda ke da majinyata goma tana can ƙarshen ɗaki da wani da ya cire robar hancinsa, da wata da ke amai, da sabon da aka kawo daga ɗakin gaggawa. Ba ta da ƙarancin ilimi ko tausayi. Za ta iso gadon nan da asuba, kuma a wannan ciwo tazarar awa uku tana iya zama komai.

Wani likitan yara a jami'ar tasu, Jeffrey Silber, ya riga ya ƙirƙiro ma'auni na wannan yanayi tun farkon shekarun 1990: a cikin majinyatan da wata matsala ta taso musu bayan tiyata, nawa ne suka mutu? Hikimar ita ce, tasowar matsala ta fi danganta da yanayin jikin majinyacin, shekarunsa da cututtukan da ya zo da su. Amma ko za a gano ta da wuri a ceto shi, wannan ya danganta da asibitin. Aiken ta gane cewa wannan ma'auni kusan hoton aikin nas ne, ta ɗauke shi ta sa a tsakiyar bincikenta.

Sai abu na uku, wanda ya fi wahala kuma ba ya burge kowa: yin adalci tsakanin asibitoci. Babban asibitin koyarwa da ake tura wa waɗanda suka fi jigata dole ya fi ƙaramin asibitin gari yawan mace-mace, ko da ya fi shi ma'aikata. Wanda bai iya lissafi ba zai kalli wannan ya ce yawan nas-nas ba ya hana mutuwa, ko ma ya ce yana ƙara ta. Saboda haka ayarin Aiken suka zauna da bayanan sallamar majinyata ɗaya bayan ɗaya, suna daidaita shekaru, jinsi, irin tiyatar, ko an zo ta gaggawa ne, ko akwai ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko kansa, sannan girman asibitin, ko na koyarwa ne, da irin na'urorinsa. Suka kuma bi sawun waɗanda suka rasu cikin kwana 30 da kwantar da su, ko da a gida suka cika, domin kada asibitin da ke saurin sallama ya fito da tsabtataccen suna. Aiki ne na watanni a gaban kwamfuta, kuma in babu shi duk sauran surutu ne.

Sakamakon ya fito a watan Oktoban 2002 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA. Asibitoci 168, ma'aikatan jinya 10,184, majinyatan tiyata 232,342. Duk majinyaci ɗaya da aka ƙara a kan matsakaicin nauyin nas yana tafe da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwa cikin kwana 30. Daga majinyata huɗu zuwa shida, ƙarin ya kai kusan kashi 14. Daga huɗu zuwa takwas, kusan kashi 31. Su kansu nas-nas ɗin, kowane ƙarin majinyaci ɗaya yana ƙara yiwuwar matsananciyar gajiyar aiki da kashi 23, da rashin jin daɗin aikin da kashi 15.

A nan nake ganin wata gwanintar da ba a cika yaba mata ba. Binciken cike yake da lissafi mai sarƙaƙiya, amma ta fito da shi cikin jimla ɗaya wadda ɗan majalisar da bai taɓa karanta ƙididdiga ba zai riƙe a kansa: ƙarin mutum ɗaya, kashi bakwai. Kuma ta buga shi a mujallar likitoci, inda masu iko da kasafin asibiti suke karatu, maimakon ta tsaya a mujallun jinya inda kowa ya riga ya yarda da ita. Haɗa mutuwar majinyata da gajiyar ma'aikata a takarda ɗaya shi ma da gangan ne. Ya nuna cewa ƙorafin nas a kan yawan aiki da haɗarin da majinyaci ke ciki abu guda ne, kuma asibitin da ya ƙi ɗaukar ma'aikata yana korar waɗanda yake da su, sai ƙarancin ya riƙa haifar da kansa.

Wannan tunani ya daɗe tare da ita. Tun a farkon shekarun 1980 masu bincike a Amurka sun lura cewa a tsakiyar ƙarancin nas-nas akwai wasu asibitoci da ba sa rasa ma'aikata, har aka yi musu laƙabi da asibitocin maganaɗisu. A irin waɗannan wurare nas tana da ta cewa a kan aikinta, shugabanni suna saurarenta, kuma tsakaninta da likita akwai mutunci. A 1994 Aiken da abokan aikinta suka nuna cewa a waɗannan asibitoci tsofaffin majinyata ma sun fi tsira, da kusan kashi 5 cikin 100, idan aka kwatanta da takwarorinsu. Daga nan ta riƙa auna yanayin wurin aiki kamar yadda ake auna adadi, domin ta ga cewa zuba sababbin ma'aikata a asibitin da ba a daraja su ba ya kawo amfanin da ake tsammani.

A 2003 ta taɓo wurin da ya fi zafi a cikin gidan jinya kansa. Ta nuna cewa duk ƙarin kashi 10 na nas-nas masu digiri a asibiti yana tafe da raguwar mace-mace da kusan kashi 5. Makarantun da ke ba da shaidar da ba ta kai digiri ba ba su ji daɗi ba, kuma an yi ta musu. Ba ta ja da baya ba, ta ci gaba da gwada lissafin a wasu wurare. Mafi girman gwajin shi ne na Turai, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2014: asibitoci 300 a ƙasashe tara, ciki har da Ingila, Sifaniya, Beljiyam, Holan da Suwidin, da majinyatan tiyata 422,730. Tsarin lafiyar waɗannan ƙasashe ya sha bamban da na Amurka, yawancinsu gwamnati ce ke ɗaukar nauyi, amma adadin ya sake fitowa: ƙarin majinyaci ɗaya, kashi 7. An buga wannan a lokacin da gwamnatocin Turai ke tsuke bakin aljihu bayan rikicin tattalin arziki, kuma albashin nas-nas na cikin abin da aka fi saurin kai wa almakashi.

Masu suka suna da magana mai ma'ana, kuma ya dace a faɗe ta. Irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, amma ba a raba asibitoci da ƙuri'a aka ce wannan ya ƙara ma'aikata wancan ya rage ba. Mai yiwuwa asibitin da ke da wadatar nas-nas yana da wadatar komai. Amsar da ta fi ƙarfi ta zo ne daga inda aka sauya doka aka kuma auna kafin da bayan. Kaliforniya ta zartar da dokar ƙayyade yawan majinyata a 1999, ta fara aiki a 2004, inda a ɗakunan jinya na gama-gari aka tsaya a kan majinyata biyar ga nas ɗaya daga 2005. Amma misalin da ya fi tsabta shi ne na jihar Queensland a Ostireliya. A watan Yulin 2016 jihar ta sa dokar nas ɗaya ga majinyata huɗu da safe da yamma, ɗaya ga bakwai da dare, a wasu asibitocin gwamnati 27, ta kuma yarda a auna ta tun kafin a fara. Ayarin Pensilbaniya, ƙarƙashin Matthew McHugh tare da Aiken, suka kwatanta su da asibitoci 28 da dokar ba ta shafa ba. Rahoton 2021 ya ƙiyasta cewa an kauce wa mutuwar mutum 145, da sake kwantar da 255, da kwanakin jinya sama da 29,000, kuma kuɗin da aka yi tsimi ya ninka kuɗin ɗaukar ƙarin ma'aikatan fiye da sau biyu. Wannan jimla ta ƙarshe an rubuta ta ne domin ma'aikatar kuɗi. Duk da haka hujja ba ta cin zaɓe ita kaɗai: a 2018 masu jefa ƙuri'a a jihar Massachusetts sun yi watsi da irin wannan doka da gagarumin rinjaye, bayan ƙungiyoyin asibitoci sun kashe maƙudan kuɗi wajen yaƙarta.

Wannan sana'a ba ta tsaya a ɗakin tiyata ba. Tambayar wa zai duba mutum a matakin farko, kafin ciwo ya kai shi babban asibiti, ita ma tambayar ma'aikata ce. A 1965 wata nas mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka buɗe shiri na farko a Jami'ar Kolorado na horar da nas-nas su duba marasa lafiya, su gano ciwo, su ba da magani, saboda ƙauyuka da unguwannin talakawa ba su da likitoci. Shekaru da dama ana jayayya a kan ko hakan ba kasada ba ne. A 2000 Mary Mundinger ta Jami'ar Kolombiya, ita ma nas ce, ta fitar da gwajin da aka raba majinyata 1,316 a New York da ƙuri'a tsakanin irin waɗannan nas-nas da likitoci, kuma bayan wata shida ba a ga bambanci a lafiyarsu ba. Irin waɗannan ayyuka, da na Aiken a kan digiri, su ne ƙashin bayan babban rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka na 2010 kan makomar jinya, wanda ya nemi a bar nas ta yi aiki gwargwadon iliminta, a kuma kai masu digiri kashi 80 cikin 100. Hanyar ɗaya ce a ko'ina: a ɗauki abin da ake musu a kai da baki, a nemo yadda za a auna shi da gaskiya, a kai sakamakon gaban masu doka.

Akwai inda wannan labari ya taɓo mu kai tsaye. Aiken na cikin waɗanda suka rubuta tun a tsakiyar shekarun 2000 cewa ƙasashe masu arziki, musamman Amurka, suna cike giɓinsu da nas-nas ɗin ƙasashe matalauta saboda sun kasa horar da nasu da riƙe su, kuma duniya ba za ta wadata ba sai sun gyara gidansu. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wata ƙasa zuwa wata, kuma jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023 na waɗanda ƙarancin ma'aikata ya fi yi wa illa ya haɗa da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan. Duk da haka Najeriya na sahun gaba cikin ƙasashen da ke aika wa Birtaniya nas-nas, bayan Indiya da Filifins, kuma a farkon 2024 hukumar kula da jinya da ungozoma ta Najeriya ta ce sama da 42,000 sun fice cikin shekara uku. Kowace ɗaya da ta tafi, majinyatanta sun koma hannun wadda ta rage.

Mu ma mun yi namu ƙoƙarin. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009, manufar 2014 ta miƙa wasu ayyuka ga ma'aikatan lafiyar al'umma, da shirin da ya taimaka wa 'yan matan karkara a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe shiga makarantun jinya da ungozoma, duk amsoshi ne ga tambayar wa zai tsaya a asibitin sha-ka-tafi. Abin da nake ganin ya rage mana shi ne ma'aunin. Adadin kashi 7 na Pensilbaniya ba zai zauna daidai a ɗakin haihuwar da ungozoma ɗaya ke karɓar haihuwa uku a lokaci guda ba, ko a ɗakin da rabin aikin sa ido yake hannun 'yar'uwar da ke kwana a tabarma a gefen gado. Lissafinmu zai bambanta, kuma mu ne za mu yi shi. Yana buƙatar rajistar da ake cikawa da gaskiya, da bin sawun wanda aka sallama ya rasu a gida, da nas-nas ɗin da za a ba dama su yi karatun ƙididdiga da tattalin arzikin lafiya ba tare da an ce sun bar sana'arsu ba.

Sassan koyar da jinya a jami'o'inmu, daga Zariya zuwa Kano, Sakkwato da Maiduguri, suna yaye masu digiri kowace shekara. Ina kira ga malamansu da su ware wasu daga cikin haziƙan ɗalibai su koya musu wannan aiki, kuma ga kwamishinonin lafiya da su buɗe musu rajistar asibitoci. A fara da jiha ɗaya, a tambayi kowace nas da kowane nas majinyata nawa ne a hannunsu a aikinsu na ƙarshe, a rubuta amsar yadda suka faɗa, sannan a kai ta gaban majalisa kafin a zauna kan kasafin kuɗin baɗi.